Amanar da tsohon soja ya damƙa wa ɗansa

Wasiƙar wannan makon daga wani malamin makaranta ta fito, mazaunin Kano. Doguwa ce, don haka na taƙaita ta, na kuma cire sunan ƙauyensu da duk abin da zai sa a gane gidan. Ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan mazan jiya ne, shekarunsa 79. Ya shiga soja a 1967, ya yi yaƙin basasa tun daga farkonsa har ƙarshe, ya fito da ɓallin ƙarfe a cinyarsa ta hagu wanda har yau yana nan. Da aka sallame shi ya koma ƙauye ya kama noma, ya auri Innarmu. Mu tara ta haifa, ni ne babba. Tun tasowarmu bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba, in an ɗauko zancen sai ya tashi. Bara da damina ya yi jinya, tun daga nan yake firgita cikin dare yana kiran wani suna da ba na Hausa ba. Watan jiya ya kira ni ɗakinsa, ya ce a 1969 ya auri wata mace a wani gari kusa da Okigwe, ta haifa masa 'ya mace, aka tashi bataliyarsu jaririyar ko arba'in ba ta yi ba, kuma bai sake komawa ba. Ya ce in nemo masa su kafin ya mutu. Ya kuma ce akwai abubuwan da hannunsa ya aikata da yake tsoron tsayuwa gaban Allah a kansu. Ƙannena sun rabu biyu, wasu sun ce ruɗewar tsufa ce, wasu sun ce so nake in jawo mana baƙuwa cikin gado. Inna ta ji, tun ranar ba ta sake shiga ɗakinsa ba. Na rasa inda zan sa kaina."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa jinyar ta zama kaffara, kai kuma ya dafa maka.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka nemo su. Amana ce mahaifinka ya sauke daga kansa ya ɗora a naka, bayan ya yi dakonta shi kaɗai fiye da shekara 50, kuma cikin 'ya'ya tara kai ya zaɓa. Amma akwai abin da ya fi tafiya gaggawa, shi ne ka zauna ka saurare shi. Wannan shi ne wanda in ka yi jinkiri ba ya gyaruwa.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa wasiƙarka ta hana ni barci. Ina da kawu, yayan mahaifiyata, ɗan Boma ne, wato tsohon sojan da ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Boma. Kofur muke ce masa, har na girma ban san sunansa na yanka ba. Kullum yana ƙofar gida a kan buzu yana tufka igiya, ba ya son hayaniya, ba ya yarda a zo masa ta baya. In ruwa ya tsuge a kan kwano cikin dare sai ya fito tsakar gida ya tsaya a cikinsa, har sai mai ɗakinsa ta zo ta kama hannunsa ta mayar da shi. Mun ɗauka halinsa ne kawai. Da ya rasu aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai lambar tagulla mai siffar tauraro, ƙyallenta ya koɗe, da littafin sallama wanda gara ta cinye rabinsa, da hoton maza uku sanye da kaki, shi ne a tsakiya, ya dafa kafaɗar na hagunsa. Aka zagaya da hoton gida-gida, babu wanda ya san sauran biyun. Daga baya ne na karanta yadda Turawa suka kwashi samarinmu a runduna ta 81 da ta 82 suka kai su dazukan Boma su yaƙi Japanawa, yadda suka ratsa kwarin Kaladan da kaya a ka, abinci sai an jefo musu daga jirgin sama, yadda rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokin da muke wucewa kullum, irin su Dalet a Kaduna da Arakan da Dodan a Legas, duk daga can suka samo asali. Mutumin da ya taka waɗannan wurare da ƙafarsa ya zauna a gabana shekara da shekaru, ban taɓa ce masa "Kawu, yaya aka yi?" ba. Kai naka yana raye, kuma shi da kansa ya buɗe baki. Kada ka yi irin asarar da na yi.

To, mu zo kan masu cewa ruɗewa ce. Ka ɗauki maganar Baba ka gwada ta da tarihi. An fara harbi ranar 6 ga Yuli, 1967. Runduna ta 1, wadda Muhammadu Shuwa ya fara jagoranta, ita ta shiga ta arewa. Ta kama Nsukka a cikin watan na Yuli, ta kama Inugu a farkon Oktoba, ta gangara ta kai Okigwe a 1968, sannan Umuahia ta faɗi a Afrilun 1969. Sojan da ya ce yana kusa da Okigwe a 1969 ya faɗi wuri da lokacin da suka yi daidai. Kuma duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san cewa abin da ke fara ɓace masa shi ne na jiya da shekaranjiya: me ya ci da safe, ina ya ajiye carbi. Na ƙuruciya kuwa sai ma ya ƙara fitowa tar. Saboda haka ko da tsufa ya fara taɓa shi, wannan bai isa ya ƙaryata labarin ba. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce. Ka tambaye shi a ranaku daban-daban, ka ga ko suna da gari da shekara suna canzawa.

Ka kuma tuna wane ne ya tafi yaƙin nan. Kai tsoho mai furfura ka sani, amma wanda ya hau mota zuwa bariki saurayi ne ɗan shekara 20 da ɗoriya, wanda wataƙila bai taɓa wuce kasuwar ƙauyen maƙwabta ba. Kafin yaƙi sojan Najeriya duka bai wuce mutum 10,000 da wani abu ba, amma kafin a ajiye makamai ranar 15 ga Janairu, 1970, ya kai wajen 250,000. Daga ina aka samo wannan taro? Daga gona da bakin kasuwa da tasha. Kurtu ya yi 'yan makonni yana fareti, a miƙa masa bindiga, sai bakin daga. Sun tafi ne da zafin abin da ya faru a 1966, kisan Sardauna da Tafawa Balewa a Janairu, sannan kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa wanda ya biyo baya, wanda mu ba mu cika son tuna shi ba. Wasu kishin ƙasa ya kai su, wasu albashi, wasu aboki ne ya shiga suka bi shi. A can suka tarar da dazuka masu duhu, da ruwa ba dare ba rana, da nakiyar nan da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu, wadda sojoji ke kira bokitin Ojukwu, mai watsa gutsattsarin ƙarfe. Wa ya sani ko irinta ce a cinyar Baba. Da aka gama, Gawon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, aka ce kowa ya yafe ya manta. Magana ce mai kyau ga ƙasa, amma ba wanda ya zaunar da yaran nan ya tambaye su abin da idonsu ya gani. Shirun Baba na shekara 50 ba nasa ba ne shi kaɗai, na tsararsa ne gaba ɗaya.

Wannan satin ka tafi gida da wayarka cike da caji. Ka nemi izininsa kafin ka fara naɗa, ka gaya masa ba za ka watsa ba. Bayan la'asar ya fi, lokacin da jiki ya saki, a inda ya saba zama, ba tare da taron yara ba. Kada ka fara da yaƙi. Fara da gidan da aka haife shi: wane ne kakanku, daga ina suka taso, gandu nawa suke nomawa, me mahaifiyarsa ta ce ranar da zai tafi, wa ya raka shi tasha. Wannan tarihin gidanku ne, kuma ba mamaki shi ne mutum na ƙarshe da ya san shi. Daga nan ka bi shi a hankali da ƙananan tambayoyi. Me kuke ci? Fam nawa ake biyanku? Wa ke kwana kusa da kai a rami? Yaya sunan sajenku? Ƙananan tambayoyi su ke buɗe manyan ƙofofi. Tambaya ɗaya ce ban yarda ka yi ba, wato mutum nawa ya kashe. In ya kai nan da kansa, ka kashe wayar, ka saurara da kunnenka kawai, kuma abin ya tsaya tsakaninku. In ya yi kuka kada ka ce masa ya yi haƙuri ya bari. Ka bar shi ya yi, ya daɗe yana bin kansa bashin wannan kukan.

A cikin hirar ka tattara abubuwan da za su yi maka jagora: lambarsa ta soja, bataliyarsa da kamfaninsa, sunan matar da na mahaifinta, sunan garin da kasuwarsa, ko akwai coci ko makaranta ko rafi kusa, wa ya tsaya masa waliyyi, wa ya ɗaura auren, me ya bayar sadaki, wane suna aka raɗa wa yarinyar. Soja ba ya manta lambarsa, za ka ga ya karanto ta kamar Fatiha. Ka nemi littafin sallamarsa da takardun fansho da duk wani hoto, ka ɗauke su a waya, ka sa na asalin a leda ka ɗaga su daga ƙasa. Sannan ka sa shi ya yi wa 'yar tasa magana kai tsaye, ya kira sunanta, ya faɗi abin da ke ransa, ka naɗa daban. Rai na hannun Allah. In ta Allah ta kasance kafin a same ta, muryarsa za ta isa gare ta.

Yanzu sai Inna, kuma a nan nake so ka taka a hankali fiye da ko'ina. Kada wani cikinku ya ce mata "ai abin ya wuce" ko "kishi da tsufa?" Ku bara kuka fara gani, amma ina kyautata zaton matar nan ita ta kwana da firgitarsa tun kafin a haife ka. Ita ta san daren da yake zabura, ita ke gasa masa ƙafar nan da hunturu, ita ta rufa masa asiri har kuka girma ba ku san komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan yi mamaki ba in ta daɗe da jin wannan sunan cikin dare ta haɗiye. Abin da ya fi yi mata ciwo, a ganina, shi ne bayan duk wannan zama, da ya tashi faɗa, ɗansa ya kira, ita kuma ta tsinci zancen a bakin wasu. Wannan gyaran ba naka ba ne, na Baba ne. Ka gaya masa cikin ladabi cewa kafin a nemi yafiyar wadda ke nesa, akwai ta kusa. Shi zai aika a kira ta, ya gaya mata da bakinsa, ya roƙe ta gafara. In akwai wata babba da Inna ke jin nauyinta, yayarta ko wata goggonku, a sa ta ta fara lallashinta. Kai naka shi ne ka je ka durƙusa ka ce: "Inna, Baba ya ɗora mini aiki, ba na so in sa ƙafa sai da albarkarki." Kada ka matsa mata ta amsa a ranar. Ka kuma tabbatar mata cewa babu wanda za a kawo mata gida ba da saninta ba, ɗakinta da girmanta suna nan yadda suke.

Maganar gado kuwa, ka tara ƙannenka ka faɗa musu ita a fili, don tsoron da ba a ambata ba shi ke raba zumunci. Musulmi ya halatta ya auri Kirista. In auren ya cika sharuɗɗansa, yarinyar 'yarsa ce, yayarku ce, babu wanda ya isa ya goge wannan. Gado kuma hukuncinsa daban. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, saɓanin addini yana hana gado. In Musulma ce tana da rabonta kamar kowace 'ya mace a gidan. In Kirista ce ba ta cikin magada, amma Baba na da ikon yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ko ya yi mata kyauta tun yana da lafiya a damƙa mata a hannu. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali ita ma hukuncin wasiyya take ɗauka, shi ya sa ba a jinkiri. Ku sami malami masanin fiƙihu ko tsohon alƙali ya zo gida, Baba ya yi bayaninsa gaban shaidu biyu adilai tun hankalinsa na jikinsa, a rubuta. Shi ne zai duba ingancin auren, da ko an yi saki ko ba a yi ba, da abin da ya hau kan Baba na ciyarwar da bai yi ba. Ga masu tsoron baƙuwa kuma, ka tambaye su: gona nawa ce? Ku kun tashi da uba, ya goya ku a keke, ya yanka muku ragon suna, ya aurar da ku. Ita ko fuskarsa ba ta sani ba. In ma akwai mai bin wani bashi a cikin wannan lamari, ba ku ba ne. Kuma ba na jin akwai ɗan halak da zai so mahaifinsa ya kwanta a kabari da haƙƙin wani a wuyansa don a tsira da kadada ɗaya.

Sai dai akwai wata gaskiya mai ɗaci da nake so ka shirya mata. Abin da Baba ya kira aure, ta yiwu dangin matar ba haka suke kiransa ba. A lokacin an yi wa Biyafara ƙawanya, yunwa ta yi ɓarnar da harsashi bai yi ba. Ƙiyasin waɗanda suka mutu da aka fi ambata ya haura mutum miliyan 1, akasarinsu farar hula, da yawansu yara ne da tamowa ta kumbura wa ciki. A irin wannan hali akwai matan da suka auri soja da son ransu, an yi zaman lafiya, wasu ma suka biyo mazansu Arewa, jikokinsu na nan cikinmu. Akwai waɗanda iyaye suka bayar don gidan ya sami abin sawa a baki. Akwai kuma waɗanda aka ɗauke da bakin bindiga. Ba ina tuhumar mahaifinka ba ne. Ina so ne ka tambaye shi a keɓe, ba tare da waya ba, yadda aka yi, don amsar ita za ta nuna maka da wace fuska za ka tunkari mutanen. Wanda zai je sada zumunci da wanda zai je roƙon gafara ba sallamarsu ɗaya ba.

Neman kuma ba daga tashar mota zai fara ba. Daga Sabon Gari zai fara, nan Kano inda kake. Kusan kowane gari na ƙasar Ibo yana da ƙungiyar 'yan garinsu a duk inda suke zaune, suna taro, suna da shugaba, sun san gidajen junansu har kaka da kakanni. Ka sami wani dattijo mai mutunci a cikinsu, ta hanyar abokin aiki ko maƙwabci, ka gaya masa kana neman wani gida ne saboda saƙon mahaifinka, ba sai ka zazzage masa komai a zaman farko ba. Sunan da Baba zai faɗa maka ya sha harshen Bahaushe shekara 50, saboda haka ka kunna masa muryar ya ji da kunnensa, shi zai gane ainihin sunan. Ta ɗaya gefen kuma akwai namu a can. Okigwe na da sarkin Hausawa, ga kasuwar shanu ta Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal ba nisa, inda fatakenmu suka daɗe. Ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, wato Nigerian Legion, shi ma ka leƙa da lambar Baba, ko Allah zai sa a dace da wanda suka yi bataliya ɗaya, wanda ya halarci ɗaurin auren. Majami'u kuma suna ajiye rajistar baftisma ta shekaru masu yawa, in an san garin limamin cocin zai iya dubawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka sa sunan matar da labarinta a Facebook ko TikTok kana cigiya. Yarinyar da Baba ke gani a mafarki jaririya ce, amma a yau mace ce da ta haura 50, wataƙila da mijinta da surukai da jikoki. A al'adarsu ɗan da ba a biya kuɗin auren uwarsa yadda dangi suka yarda ba na gidan kakansa na wajen uwa ne, sunansu yake ɗauka. Ta yiwu da wannan sunan ta tashi, ta yiwu ma ba a taɓa gaya mata wane ne mahaifinta ba, domin matan da suka haihu da sojan tarayya sun sha gori bayan yaƙi. Kada neman sauƙin zuciyar Baba ya zama tonon asirin wata. A bi ta hannun dattawan gidansu, a fara da uwar in tana raye, ita ke da ikon cewa a gaya wa 'yarta ko a'a. In tafiya ta kama, kada ka tafi kai kaɗai, ka bi wanda ya san gari, ka kuma kauce wa ranar Litinin, domin daga 2021 an yi ta fama da zaman gida na dole a wannan ranar a sassa da dama na yankin. Ka kuma bar sunan nan da muka saba kiran su da shi a gida, ba sa son sa. Ibo za ka ce.

Ka sa a ranka cewa za a iya samun ta ta rungume ku, za a iya samun ta ta ce ba ta son ganin kowa, za a iya tarar da kabari. In ta ƙi, haƙƙinta ne, kada ka ja. Ka bar mata lambarka da muryar mahaifinta ka dawo. Abin da aka ɗora maka shi ne isar da saƙo, ba tilasta yafiya ba.

Firgitar dare kuma a kai shi asibiti, kada a tsaya kan tofi kaɗai. A yi addu'a, a yi masa karatu, amma likita ya duba jininsa da suga da fitsari, domin a jikin tsoho ƙaramin ciwo kan rikita kai. In an ga da buƙata, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau nan Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Likitoci sun san wannan larura ta wanda ya ga tashin hankali, takan kwanta shekaru sannan ta taso lokacin da jiki ya yi rauni. Kafin nan, in ya zabura kada a riƙe shi ko a girgiza shi. A tsaya ɗan nesa, a kunna fitila, a kira shi da sunan da ya saba ji a gida, a gaya masa inda yake. A samu wani jikansa mai hankali ya riƙa kwana kusa da ƙofarsa.

Saura tsoronsa na haɗuwa da Allah, wanda ina jin shi ne gindin komai. Kada ka ce masa "ai umarni aka ba ku" don ka kwantar masa da hankali. Ya san abin da ya sani, kuma in ka rufe masa baki da wannan zai koma cikin shirunsa. Ka ce masa ka ji, kuma ƙofar tuba ba ta rufe ba muddin rai bai zo maƙogwaro ba. Ka tuna masa da hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100, ya kama hanyar garin mutanen kirki, ajali ya riske shi a tsakani, aka karɓe shi saboda inda ya fuskanta. Malamin da zai zo maganar wasiyya, a zaɓi mai taushin zuciya, a bar su su biyu a ɗaki. Shi zai nuna masa abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, da abin da yake haƙƙin bayi ne, da yadda ake yi da haƙƙin waɗanda ba a san inda suke ba, ta hanyar sadaka da yawan istigfari. Mutanen da suka faɗi a gabansa a daji ba zai iya nemo su ba. Wannan yarinya ita ce haƙƙi ɗaya da ke da suna da gari, shi ya sa ya riƙe ta.

In ka isa gida ran Juma'a, ka gaida Inna tukuna, ka ci tuwonta. Sannan ka shiga wajen Baba ka ce masa ka karɓi aikin. Ka sa shi ya faɗi sunan nan sau uku a hankali, ka rubuta yadda kunnenka ya ji. Duk abin da dattijon Sabon Gari ya gaya maka, ka rubuto mini.